Agogo Ɗaya Ake Bi: Yadda Ake Daidaita Na'urorin Sauti na Dijital

Matsalar takan fara ne ranar da aka faɗaɗa situdiyo. Kafofin saunkad, wato akwatin da ke shigar da sautin makirfo cikin kwamfuta, sun yi kaɗan, aka sayo ƙarin na'ura mai ɗaukar makirfo takwas, aka haɗa su da wayar haske, sauti ya shigo, kowa ya ji daɗi. Sai an zo tace aiki a ji wani ɗan ƙas, ƙas, yana faɗowa jefi-jefi cikin muryar mawaƙi ko ta mai gabatar da shiri. Daga nan a shiga zargi. Wannan ya ce makirfo ne, wancan ya ce janareta ne, wani ya goge manhaja ya sake sakawa. Mafi yawan lokaci duk ba su da laifi. Na'urorin biyu ne kowacce take bin agogonta, kuma gyaran bai wuce juya makunni ɗaya da canza saiti ɗaya ba, in dai an san wanne ne. Abin da ke ci mini rai shi ne a ga muryar da aka sha wahalar ɗauka ta lalace a kan abin da gyaransa ba ya cin ko sisi.

Wane agogo ake magana a kai

Ba wanda ke nuna ƙarfe nawa ba ne. Abin da ke fitowa daga makirfo lantarki ne mai hawa da sauka daidai da motsin murya. Na'urar da ke mayar da shi dijital tana auna tsayinsa sau dubbai a sakan ɗaya, tana rubuta kowane awo a matsayin lamba. Kowane awo shi ne samfur ɗaya. Idan ka ga 48 kHz a jikin na'ura, ana nufin samfur 48,000 a sakan, wato tsakanin wannan awo da na gaba kusan kashi 21 cikin miliyan na sakan ne. Abin da ke ba na'urar umarnin ta yi awo a daidai lokacinsa shi ne agogon, ɗan ƙaramin dutsen kwaz da ke karkarwa da tsayayyen gudu idan lantarki ya ratsa shi.

Ba a samun duwatsun kwaz biyu masu gudu ɗaya sak, ko da kamfani ɗaya ya ƙera su rana ɗaya. Zafin ɗaki ma yana ɗan taɓa gudun. Bambancin ƙanƙani ne, da kashi cikin miliyan ake lissafa shi, amma taruwa yake yi. A ce na'ura ɗaya ta fi ɗayar sauri da kashi 10 cikin miliyan, duka suna kan 48 kHz. A kowane sakan mai saurin tana gaba da kusan rabin samfur, bayan sakan biyu ta tsere da samfur guda. Mai karɓa ba ta da wurin ajiye rarar, sai ta jefar da shi. In kuma ita ce mai saurin, sai ta maimaita wanda ya wuce. Wannan tsallen da igiyar sauti ta yi shi ne ƙas ɗin da kunne ke ji. Idan bambancin ya kai kashi 50 cikin miliyan, za a ji shi fiye da sau biyu a kowane sakan.

Wanda ya taɓa kallon mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya riga ya gane maganar. Ɗaya ce ke riƙe da amon, ɗayar tana sauraro tana bi. Da kowacce za ta toshe kunne ta bi nata lissafin, komai ƙanƙantar bambancin saurinsu, ana cikin tafiya taɓaren za su haɗu.

Saboda haka ƙa'idar guda ce: a duk tsarin da na'urori ke miƙa wa juna sauti ta hanyar dijital, agogon na'ura ɗaya kaɗai ake bi, ita ce jagora, sauran duk mabiya ne. A jikin tsofaffin na'urori za ka ga Master da Slave, sababbi da yawa sun koma Leader da Follower. A cikin manhaja kuwa, Internal na nufin na'urar tana bin agogon cikinta, duk wani zaɓi daban, kamar ADAT ko S/PDIF ko Word Clock, waɗanda sunayen kafofin dijital ne, na nufin tana bin na waje. Mabiyiya tana da wata da'ira mai suna PLL da ke sauraron bugun da ke shigowa tana ja ko sassauta nata gudun har su zo ɗaya. Idan ta kama, fitilar Locked ta kunnu.

Kuma a sani cewa gudun wutar gari ko ta janareta ba shi ke juya wannan agogo ba. Wuta maras kyau tana iya kawo gunji, ko ta kashe na'ura, amma ba ta sa 48 kHz ya zama wani abu daban.

Mataki na farko: zana tsarin a takarda

Kafin ka taɓa wani makunni, ɗauki biro. Rubuta kowace na'ura da kake da ita, ka ja kibiya a kan kowace wayar dijital daga inda sauti ke fita zuwa inda yake shiga. Wayoyin analog, irin ta makirfo ko wadda ke zuwa lasifika, ba su cikin lissafi, domin ba sa ɗauke da agogo kuma ba sa buƙatarsa. Na'urar da aka haɗa ta analog kawai, bar ta a kan Internal, babu ruwanta da kowa.

A gefen kowace na'ura kuma rubuta ko tana iya bin agogon waje, da kuma ta wace kafa. Wannan shi ne zai yanke maka hukunci daga baya. Na'urar kunna faifan CD, da dikoda, da fiyano da yawa masu fitar da S/PDIF, suna da kafar fita kawai, ba su da ta shiga. Irinsu ba sa iya bin kowa.

Mataki na biyu: tsayar da gudu ɗaya

44.1 kHz gudun faifan CD ne tun fitowarsa a 1982. 48 kHz kuwa shi ne na fim da talabijin da bidiyo. Idan aikinka zai hau kan hoto, ko fim ne ko bidiyon waƙa ko shirin YouTube, tsaya a kan 48 tun daga farko. Duk wanda ka zaɓa, dole ya zama shi ne a kan kowace na'ura da kuma cikin aikin da ka buɗe a manhaja.

Saɓani a nan ba ƙas-ƙas yake kawowa ba, illarsa ta fi haka ɓuya. Idan saunkad yana bin agogon waje mai gudun 48, kai kuma ka buɗe aikin da aka fara a 44.1, wasu manhajojin za su yi gargaɗi, wasu kuma su ci gaba da aiki kawai. Kiɗan zai ƙara sauri da kusan kashi 9 cikin 100, murya ta ƙara tsini da kusan maɓalli ɗaya da rabi a kan fiyano, waƙar minti 5 ta ƙare a minti 4 da sakan 36. Mawaƙi ya shigo ya bi kiɗan a haka, aka ɗauka, komai ya yi daidai a ɗakin. Sai an kai wani wuri a ji muryar ta yi kauri ta yi nauyi, domin an ɗauke ta a 48 amma fayil ɗin yana ɗauke da shaidar 44.1. In hakan ya faru kada a yi gaggawar juya gudun fayil ɗin. A fara gyara shaidar tukuna, a gaya wa manhaja cewa asalin gudunsa 48 ne, Audacity ma yana yin wannan, sannan a juya shi zuwa gudun da ake so.

Mataki na uku: wa zai yi jagora

Nan ne ake yawan ɓarnar kuɗi, don haka zan ɗan tsaya.

Idan cikin tsarinka akwai na'urar da ba ta iya bin kowa, kuma dole sautinta ya shigo ta dijital, to ita ce jagora ko ka so ko ka ƙi. Idan irinta biyu ce, ɗaya kaɗai za ta samu wannan matsayi. Ɗayar sai ta shigo ta kafar da ke da SRC, wata da'ira da ke sake lissafa samfurin da ke shigowa ta ɗora shi a kan agogon gida. Wasu miksocin dijital suna da ita a kafofin AES da S/PDIF. In babu, haɗa ta da wayar analog ka huta. A ganina fiyano mai shigowa ta analog da waya mai kyau ya fi sau goma a kan tsarin da aka tilasta wa situdiyo gaba ɗaya bin agogon fiyano, wanda da zarar an kashe shi komai ya tsaya.

Idan kuwa duk na'urorin suna iya bi, ba da jagoranci ga wadda ke mayar da muhimmin sautinka dijital, wato wadda makirfon babbar murya ke shiga. Dalilin yana da alaƙa da wani abu da ake kira jita. Ko da matsakaicin gudun agogo daidai ne, kowane bugu yana iya ɗan riga lokacinsa ko ya ɗan makara. Wannan karkarwa ba ta taɓa lambobi idan ana miƙa su daga na'ura zuwa na'ura, muddin an kama agogo, lambar da ta fita ita ce za ta isa. Wurare biyu kaɗai take yin illa: lokacin da ake auna sauti a mayar da shi lambobi, da lokacin da ake mayar da lambobi sauti. Na biyun yana shafar abin da kake ji a ɗaki ne kawai. Na farkon kuwa ya shiga cikin fayil ke nan, babu manhajar da za ta cire shi. Kuma galibin na'urori sun fi natsuwa a kan dutsen kwaz ɗin cikinsu fiye da bugun da ya biyo waya sannan PLL ta tace shi.

Daga nan za ka gane amsar tambayar da ake yawan yi, ko sayen keɓantaccen akwatin agogo irin na Antelope ko Mutec zai ƙara wa sauti kyau. Ga mai saunkad ɗaya, ko saunkad da ƙarin na'ura ɗaya, amsata a'a ce. Kuɗin ya fi amfani a makirfo ko a gyaran bangon ɗaki. Amfanin akwatin agogo shi ne rarraba bugu ɗaya ga na'urori da yawa ta wayoyi daban-daban, da haɗa agogon sauti da na bidiyo a gidan talabijin. Idan na'urorinka sun kai huɗu ko biyar, ko kana da ɗakuna biyu masu miƙa wa juna sauti, to ya cancanci kuɗinsa. Haka nan fitar da waƙa daga manhaja zuwa fayil lissafin kwamfuta ne zalla, agogo ba ya cikinsa ko kaɗan.

Mataki na huɗu: ta wace waya bugun zai bi

Hanya biyu ce. Ko dai bugun ya biyo cikin wayar da ke ɗauke da sautin, ko a ja masa tasa waya daban. ADAT da S/PDIF da AES3 duk an tsara su yadda mai karɓa zai iya zaro agogo daga cikin sautin kansa. Abin riƙewa shi ne agogon yana bin inda sautin ya nufa, daga OUT zuwa IN, ba ya komowa baya.

Bari mu ɗauki haɗin da ya fi yawa a ƙananan situdiyo: saunkad irin Focusrite Scarlett 18i20 ko Behringer UMC1820, da ƙarin kafofi takwas na Behringer ADA8200. Tsarin ADAT kamfanin Alesis ne ya fito da shi a farkon shekarun 1990, yana ɗaukar layi takwas cikin wayar haske guda mai kan TOSLINK. A bayan ADA8200 akwai makunni mai matsayi huɗu: biyu na jagoranci, 44.1 da 48, biyu na bi, ADAT IN da kafar Word Clock.

Idan wayar haske ɗaya gare ka, daga ADAT OUT na ADA8200 zuwa ADAT IN na saunkad, to agogo daga ADA8200 kaɗai zai iya tahowa. Juya makunninta zuwa 48, ka shiga manhajar saunkad ka mayar da Clock Source kan ADAT. Wannan yana aiki sarai. Aibinsa shi ne duk ranar da ba ka kunna ADA8200 ba saunkad ya rasa wanda zai bi, kuma canza gudu sai ka zagaya bayan rak.

Na fi son waya biyu. Ƙara ta biyu daga ADAT OUT na saunkad zuwa ADAT IN na ADA8200, ko da ba ka da niyyar tura wani sauti ta cikinta. Bar saunkad a kan Internal, juya makunnin ADA8200 zuwa ADAT IN. Yanzu saunkad ne jagora, idan ka canza gudu a manhaja ƙarin na'urar ta bi da kanta. Mai Scarlett 18i20 yana da zaɓi na uku, domin tana da kafar BNC, zagayayyiyar kafa da ake murɗa kan waya a kulle, mai fitar da Word Clock: ja waya daga nan zuwa kafar BNC ta ADA8200, ka juya makunnin zuwa wannan matsayi.

Kuskure biyu ne ake yi a nan. Na farko a bar duka biyun a kan jagoranci. Sauti zai shigo, shi ya sa ake ruɗuwa, amma ƙas-ƙas na nan. Na biyu a sa duka biyun su bi juna, saunkad a kan ADAT, ADA8200 ma a kan ADAT IN. Babu jagora ke nan, kowacce tana jiran ɗayar, sai gudun ya yi ta yawo ko sauti ya ɗauke gaba ɗaya.

Game da wayar haske, kada ta wuce mita 5 in da hali, kada a lanƙwasa ta sosai, kuma ka ji ta yi ƙas ta zauna a kafarta. Idan ka zare kai ɗaya ya kamata ka ga jan haske. Ƙurar hunturu tana taruwa a kafar da aka bari a buɗe, don haka a mayar da ɗan murfin idan ba a amfani da ita. Kafar TOSLINK ɗaya tana iya ɗaukar ADAT ko S/PDIF na haske, kuma ba sa jin yaren juna, sai ka duba wanne aka zaɓa a saiti. Idan ka hau 96 kHz layukan ADAT sun koma huɗu ta tsarin S/MUX, kuma gara ka saita gudun da hannu a ɓangarorin biyu. ADA8200 dai ba ta wuce 48.

Wayar Word Clock ba ta ɗaukar sauti, bugu ɗaya take kaiwa a kan kowane samfur. Waya ce mai om 75 (om shi ne ma'aunin turjiyar da lantarki ke gamuwa da ita) da kan BNC, irin RG-59 ko RG-6 da masu haɗa kyamarorin tsaro ke amfani da su. Akwai mai om 50, RG-58, ta na'urorin rediyo, da ido kamar ɗaya suke, sai ka karanta rubutun jikin wayar. Abu mafi muhimmanci a nan shi ne toshiya. Bugun da ya isa ƙarshen waya ya tarar da ita a buɗe yakan dawo baya ya gauraya da mai zuwa, har mabiyiya ta kasa gane inda bugu ya fara. Shi ya sa ake rufe ƙarshen layi da om 75. Wasu na'urorin suna da ɗan makunni mai rubutun 75Ω kusa da kafar, wasu toshiyar tana ciki dindindin, wasu kuma sai ka sayi 'yar toshiyar BNC ka ɗaura.

Idan mabiyiya ɗaya ce, kunna toshiyarta, shi ke nan. Idan biyu ko uku ne kuma kafar fita ɗaya ce, sa mahaɗi mai siffar T a kafar IN ta kowacce, waya ta shiga ta gefe ɗaya ta fita ta ɗayan zuwa ta gaba. Toshiya a kan ta ƙarshe kaɗai, na tsakiya duk a kashe. Toshiya biyu a layi ɗaya suna mayar da om 75 ya koma 37.5, ƙarfin bugun ya faɗi, fitilar Locked ta riƙa ƙyaftawa. Na'urar da toshiyarta ba ta kashewa, ita ce za ta zauna a ƙarshen layi. Kauce wa jera na'urori da yawa ta IN da OUT, domin kowacce tana ƙara ɗan jinkiri, kuma in ta tsakiya ta mutu duk na bayanta sun rasa agogo.

AES3, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 1985, yana amfani da kan XLR irin na makirfo amma wayarsa mai om 110 ce, tana kai layi biyu har kusan mita 100. Wayar makirfo za ta yi aiki a ɗan gajeren zango, a dogo kuwa ita ce za ta fara kawo maka ɗaukewar sauti. S/PDIF mai kan RCA om 75 yake so, kuma ba na dogon zango ba ne.

Mataki na biyar: kunnawa

Rage lasifika ko ka kashe su kafin ka canza saitin agogo, domin wasu na'urorin kan saki ƙara mai ƙarfi a lokacin da suke neman kamawa. Kunna jagora da farko, ka tabbatar da gudunta. Sannan mabiya ɗaya bayan ɗaya, kana duba fitilar kowacce ta tsaya cak ba ƙyaftawa. Bayan nan ka buɗe manhajar ɗaukar sauti, lasifika su zo a ƙarshe. Wajen kashewa a fara da lasifika.

Mataki na shida: gwaji, kada a tsallake shi

Fitila tana iya yaudara. Wasu na'urorin suna nuna cewa akwai sigina a kafar, ba wai ita suke bi ba. Kiɗa kuma yana ɓoye ƙas-ƙas, musamman mai ganga da yawa. Abin da ke tona asiri shi ne tsayayyen amo guda. Samo amon 1 kHz, Audacity yana ƙirƙira shi, akwai kuma manhajojin wayar hannu masu yi. Shigar da shi ta ɗaya daga kafofin mabiyiya, ka saita ƙarfinsa tsaka-tsaki, ka ɗauka na tsawon minti 10. Saurara da abin sawa a kunne. Sannan ka mayar da kallon fayil ɗin zuwa Spectrogram, wato hoton da ke nuna amon da ke cikin sauti a tsawon lokaci. Tsarin da ke lafiya zai nuna layi ɗaya a kwance daga farko har ƙarshe. Duk inda samfur ya zame za ka ga siririn layi a tsaye.

Yadda layukan suka jeru zai gaya maka mai laifin. Idan tazarar da ke tsakaninsu iri ɗaya ce, kuma a sautin da ya biyo ADAT ko S/PDIF kaɗai suke, na makirfon saunkad kuwa tsaf, to agogo ne, koma mataki na huɗu. Idan babu tsari a zuwansu, sun shafi sautin kowace kafa, kuma suna ƙaruwa idan aiki ya yi wa kwamfuta yawa, ba agogo ba ne. Ƙara Buffer Size, wato yawan samfurin da kwamfuta ke tarawa kafin ta sarrafa, daga 128 zuwa 256 ko 512, ka canza kafar USB. Idan kuma sauti ɗaukewa yake yi na ɗan lokaci ya dawo, tuhumi waya ko toshiya.

Miksocin taro da tsarin Dante

Masu aikin taro da majami'u da manyan wuraren wa'azi da ke amfani da Behringer X32 ko Midas M32 da akwatin dandamali irin S16, agogonsu yana bin wayar AES50 tare da sautin. Miksa tana kan Internal, akwatin yana bi da kansa. Sai an haɗa miksa biyu, ta gaba da ta masu dandamali, ake buƙatar lura: a shafin Setup ɗaya ta zauna a Internal, ɗayar a mayar da ita kan kafar AES50 da wayar ta shigo, A ko B, gudunsu kuma ɗaya. A yi amfani da wayar Cat5e mai rufin kariya.

Dante, na kamfanin Audinate na Ostireliya, ya bi wata hanyar. Na'urorin suna raba lokaci ne ta ƙa'idar PTP a kan wayar sadarwar kwamfuta, su zaɓi jagora da kansu, in ya mutu su zaɓi wani. Duk da haka buɗe Dante Controller ka shiga Clock Status, ka tabbatar Leader ɗaya ne, ka sa alamar Preferred Leader a kan na'urar da ba a kashewa. Tarkon yana wajen miksa mai katin Dante a cikinta, domin agogo biyu ne a akwati ɗaya. Ko dai miksar ta bi Dante, wanda shi ne mafi sauƙi, ko kuma ta zauna a Internal a kunna wa katin Enable Sync To External don ya bi ta ya jagoranci sauran. Barin miksa a Internal ba tare da kunna wannan ba shi ne jagora biyu. Kwamfuta mai Dante Virtual Soundcard ba ta iya zama jagora. A kan suwic ɗin sadarwar kuma a kashe tsarin tsimin wuta na EEE, domin yana rikita saƙonnin agogo.

Masu haɗa saunkad biyu na USB a kwamfuta ɗaya su sani cewa USB ba ya haɗa agogonsu. A Mac, cikin Audio MIDI Setup, idan ka yi Aggregate Device, kunna Drift Correction a kan wanda ba shi ne jagora ba, sai in ka haɗa su da wayar agogo. A Windows, ASIO4ALL yana tara su wuri ɗaya, amma ban ba da shawarar a dogara da shi a ɗauka mai tsawo ba.

Kyamara da rikoda

Idan ana ɗaukar hoto da kyamara, sauti kuma da rikoda daban, babu wayar dijital a tsakani, don haka babu ƙas-ƙas. Bambancin agogo yana fitowa ne a matsayin zamewa. Kashi 50 cikin miliyan a awa ɗaya ya kai kashi 18 cikin 100 na sakan, wato firam huɗu da rabi a tsarin firam 25. A fitowar minti biyu ba wanda zai lura. A tafsiri ko lacca ko bikin da aka ɗauka awa biyu ba yankewa, kafin ƙarshe baki da murya sun rabu. Taimkod, lambar lokaci da ake rubuta wa kowane firam, yana gaya maka inda kake ne a cikin ɗauka, ba ya tilasta wa na'urori gudu ɗaya, wannan aikin Genlock ne, wato bugun agogon hoto, da Word Clock, kuma sai manyan kyamarori ke da kafarsu. Ga sauranmu, a tafa hannu gaban kyamara a farkon ɗauka, a sake tafawa a ƙarshe. Wajen tacewa a daidaita tafin farko, a ja ko a matse sautin kaɗan har na ƙarshe ya hau.

Idan an ɗauke wuta

A wurinmu wannan ba abin da za a bari a baya ba ne. Lokacin da jagora ta mutu, mabiya ba hali ɗaya gare su ba. Wata tana yin shiru har agogo ya dawo, wata kuma tana komawa Internal da kanta ta zauna a can ko bayan an tada janareta. Idan komai ya tashi lokaci ɗaya, mabiyiya tana iya riga jagora farkawa ta nemi agogo ta rasa. Saboda haka in UPS ɗinka ƙarami ne, jagora da kwamfuta su fara samun gurbi a kansa. Rubuta tsarin a takarda ka manna a jikin rak: wace ce jagora, wane gudu, kowace mabiyiya ta wace kafa take bi, toshiya tana kan wacce. Duk lokacin da wuta ta ɗauke ta dawo, kafin mawaƙi ya koma gaban makirfo, a bi takardar nan layi-layi a duba Clock Source da fitilar kowace na'ura, sannan a ɗauki amon gwaji na minti ɗaya a saurara.